Kiɗan Kogi na Huɗu

Na san labarin da ake ba ku a kaina. Duk lokacin da Isiyaka, abokina na yarinta, ya zo hutu daga Jamus, ya zauna a saman benen da ya gina a unguwar Malam ya sha shayi ya ji daɗi, sai ya ce ubanku ya ƙi bin sa Turai saboda wasan gem. Ku kuma ku yi ta dariya, har ke Rabi kina cewa da yanzu ke Bajamushiya ce, kamar in na tafi can uwarku zan tarar tana jirana a tashar jirgi. Isiyaka bai yi ƙarya ba, amma rabin labari ya ba ku, kuma rabin da ya fi masa daɗi. Yanzu da idona ya fara gajiya da leƙen cikin talabijin, bari in rubuta muku sauran.

A lokacin muna zaune a gidan haya a Maamobi cikin Accra, kusa da babban gwata na magudanar ruwa, gida mai ɗakuna da yawa da famfo ɗaya da ake faɗa a kansa kowace safiya. Babana ya riga ya rasu. Mma, mahaifiyata, tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Tare da mu akwai Kaka Adiza, wadda ta haifi babana. Tun tana ƙarama aka zo da ita daga Gobir a ayarin fataken goro, uwarta ta rasu ba da daɗewa da isowarsu ba, ita kuwa ta tsufa a Zongo ba tare da ta yarda Hausarta ta lanƙwashe ba. Mu 'yan Accra da muke ce wa mace "ya zo", takan ce mun kashe mata duka mun bar maza. Yanar ido ta rufe mata gani, amma kunnenta yana jin faɗuwar allura a ɗakin maƙwabta.

Ni kuwa ina koyon gyaran rediyo da talabijin a unguwar Circle. Wata rana maigidana ya ba ni wani mashin ɗin gem da aka yasar a shago, da buhun kaset-kaset na gem da suka zo cikin kwantenar tsofaffin kaya. 'Yan kasuwa sun riga sun tsince sanannun, waɗanda kowane yaro ya san sunansu. Abin da ya rage mini shi ne waɗanda ba wanda ya taɓa jin labarinsu, rubutun jikinsu duk na Japan. Na gyara mashin, na haɗa shi da wata tsohuwar talabijin, na buɗe a ɗan shagon da ke gaban gidanmu, yara suna biya suna bugawa. Abin da ya raba shagon da ɗakin Kaka falanki ne kawai.

Makon farko Kaka ta kira Mma ta kai ƙara. Ta ce na kawo wani tsuntsu na matse masa wuya yana ta kuka tun safe. Da ta ji muna hura iska cikin kaset, domin haka ake yi in ya ƙi kamawa, wasu yaran har da bisimilla suke haɗawa, sai ta buga falankin da sandarta.

"Mumuni, tofi kuke yi masa?"

"Ƙura muke cirewa, Kaka."

"In kun san abin yana bukatar tofi, me ya sa kuka shigo da shi gidan mutane?"

Amma wanda ba ya gani kuma ba ya fita, dole ya saurari abin da ke bayan bango. Kafin wata ya ƙare Kaka ta san kiɗan kowane kaset fiye da mu masu bugawa. Mu idonmu yana kan allo, ita kuwa kiɗan kaɗai take da shi. Tun da ba mu iya karanta sunayen ba, ita ta raɗa musu suna, kuma da sunayenta aka san su har maƙwabciyar unguwarmu Nima. Kai Nasiru ka ce mini duk waɗannan tsofaffin wasanni yanzu ana samunsu a waya, to ka bar waɗanda kowa ya sani ka nemo mini Mai Ludayi, wani kuku mai tumbi da ke korar ɓeraye daga kicin. Kiɗansa gajere ne mai tsalle, Kaka ta ce irin na 'yan matan da aka aika talla suka tsaya gaɗa ne, kuma in ɓeraye suka yi yawa sai ya ƙara sauri har ka ji zuciyarka tana binsa. Ka nemi Jirgin Rami kuma, inda kake tuƙa jirgin ƙasa a cikin ramin kwal. Wasan kansa ba wani abin kirki ba ne, amma akwai wata ƙaramar murya a ƙasan kiɗan da ke tafiya a hankali kamar tsoho mai ciwon gwiwa, Mma ma da ba ruwanta da gem na kama ta tana kaɗa ƙullun ƙosai da shi. Waɗanda suka yi waɗannan kiɗe-kiɗe sautuka uku ko huɗu kawai mashin ya ba su, amma har yau in na rufe ido ina jin su, alhali na manta waƙar da na ji jiya a trotro, motar haya.

Wanda ya hana ni Jamus shi ne Ɗan Kwale-kwale. Wani tsoho ne mai malfa yake tura kwale-kwale da gora, ruwa yana jansa, yana kauce wa duwatsu da kadoji da wasu kifaye marasa tarbiyya da ke tsalle su buge shi. Kogi bayan kogi, kowanne da kiɗansa. Yara ba sa sonsa don yana da wuya, ba mai wuce kogi na biyu. Ni kaɗai nake taɓa shi in ba ciniki. Wata rana bayan la'asar hannuna ya yi kyau, na tsinci kaina a kogi na huɗu, inda ban taɓa zuwa ba. Ruwan sama ya fara sauka a allo, sai wani kiɗa ya taso a hankali, mai ja, wanda bai yi kama da sauran ba. Sai na ji sanda a falanki.

"Mumuni, tsaya nan."

A wannan wasa ba a tsayawa, ruwa ne yake tafiya da kai. In ka danna abin dakatarwa kiɗan ma ya ɗauke. Ina juyawa in amsa mata, kada ya haɗiye ni, kuma raina na ƙarshe ke nan a wasan. Can sai ga Kaka a ƙofar shago tana lalube da bango, ita da ta rantse ƙafarta ba za ta taka wurin ba. Ta ce in mayar da kiɗan. Na yi mata bayani cewa wannan ba rediyo ba ne, kiɗan yana can ƙarshen hanya, sai na sake bin kogi na ɗaya da na biyu da na uku ban mutu ba kafin a ji shi.

"To me kake jira?"

Ta sa aka kawo mata kujera. Da ta zauna ta ce wannan waƙar uwarta ce. Ita take yi mata a hanya, a bayan jaki, lokacin da suke zuwa daga Gobir. Farkon waƙar kawai ya rage mata, sauran ya ɓace tun tana budurwa, ta neme shi a bakin tsofaffin Zongo ba wanda ya sani. Yanzu da ta ji kiɗan, wani baiti da ta manta ya dawo mata da kansa. Na ce mata Japanawa ne suka yi shi, kuma ban ji sun taɓa zuwa Gobir ba.

"Da ɓarawo yana aiko maka da saƙo kafin ya zo? Sun sace waƙar uwata, sun sa wa mai kamun kifi. Allah ya isa, amma sun iya ajiya."

Har yau ban san gaskiyar abin ba. Mai yiwuwa sautin mutanen can da namu ne ya yi kama, kunnen tsohuwa ya cike sauran. Abin da na gani da idona shi ne, duk inda kiɗan ya kai, kalmomi suna zuwa bakinta, kuma inda ya yanke nan take tsayawa. Matsalar ita ce kiɗan dogo ne, kuma rabinsa na biyu ba ya farawa sai ka wuce ƙarƙashin wata gada a tsakiyar kogin, inda duwatsu suka yi layi kuma kifayen nan suke fitowa uku-uku. In ka mutu, kiɗan ya koma farko. In rayukanka suka ƙare, kai ma ka koma kogi na ɗaya.

Daga ranar na zama ma'aikacin Kaka. Kullum bayan la'asar takan yafa mayafinta mai kyau kamar za ta biki, ta zauna da carbi a hannu, ta kori yaran da suka zo da kuɗinsu ko ta sa su yi shiru. Ba ta ganin allo, amma ta san ƙarar kowace mutuwa. Ta san bambancin dutse da kada.

"Kada ne kuma? Jiya ma a nan ya ci ka. Shi ya gane ka, kai ba ka gane shi ba."

In na yi kyau ba ta yabo, sai dai carbin ya tsaya. In na nutse a kogi na biyu takan ce kakana ya haye Kwara da jakuna ba a rasa ko ɗaya ba, ga jikansa yana zaune a kan benci ruwan ƙarya ya gagare shi. Shekarar kuma ana rabon wuta, sau da yawa ina dab da gada sai talabijin ta yi duhu, unguwa ta ɗauki ihu, Kaka ta ce ko wannan ma laifina ne, da na yi sauri da mun wuce. Na yi dabara na aro rikoda na ɗauki rabin farkon a tef, don ta riƙa ji a ɗaki in huta. Ta saurara sau ɗaya ta turo mini abina.

"Wannan gawa ce. Ba wanda yake wahala a cikinta."

Ta ce in tana jin numfashina da ƙarar maɓallai, tana jin tsoron kada in mutu, a lokacin ne waƙar take zuwa, domin uwarta ma cikin tsoron hanya take yin ta. Na mayar wa mai rikoda kayansa.

Ana cikin haka Isiyaka ya zo da maganar tafiya Jamus. A zamanin duk saurayin Nima da Maamobi mafarkinsa ɗaya, ya fita waje ya dawo boga, wato wanda ya sha Turai, da sarƙa a wuya da wando har ƙirji. Ya ja ni bayan gida ya rage murya.

"Chale Mumuni, hanya ya buɗe. Mutumin da ke shirya takardu ya ce mu biyu, wata mai zuwa. Ka sai da wannan tarkace duka kraa, ka cika kuɗinka. Akwai wani a Adabraka yana so."

Na yi murna har na kasa cin tuwo. Mma ta yi hamdala ta fara lissafa abin da zan aiko mata. Amma kun san al'adarmu a Zongo, ba a faɗin tafiya. Mutum yakan ce zai je Kumasi gaisuwa, sai bayan wata biyu a ga hotonsa cikin dusar ƙanƙara. Ana tsoron baki da ido, kuma waɗanda aka fi ɓoye wa su ne tsofaffin mata, ko da kuwa su suka goya ka. Don haka Mma ta ce kada Kaka ta ji ko da wasa, in na sauka lafiya a gaya mata. Na ce to waƙar fa?

"Waƙa za ka ci? Tsohuwa ya yi shekara nawa babu waƙan, ya mutu? Ka bar shi da tef."

Na sa a raina zan wuce gadar kafin ranar sayar da mashin, kowa ya samu nasa. Na buga har babban yatsana ya yi kanta. Amma gem ba ya son mai gaggawa, sai na koma mutuwa a wuraren da na daɗe da wucewa. Kaka ta lura. Ta ce hannuna yana nan amma hankalina ya tafi wani gari, ko yarinya ce? Na ce yarinya ce. Ta ce in gaya wa yarinyar ta jira mu wuce gada.

Mutumin Adabraka, wani ɗan ƙabilar Ga mai shagon kayan wuta, bai tashi zuwa ba sai bayan la'asar, shi da Isiyaka da tasi tana jira a bakin titi. Suka tarar da Kaka ta riga ta zauna da mayafinta. Mutumin ya gaishe ta da Hausar kasuwa, ya zagaya bayan talabijin ya fara naɗe waya. Kaka ta karkata kai.

"Wane ne ke taɓa mana kaya?"

"Mai gyara ne, Kaka," in ji Isiyaka.

"Mai gyara a gidan mai gyara? To ya yi sauri. Mumuni, yau za mu wuce. Da asuba bakin baitin ya zo mini, har na ji ɗanɗanonsa, kiɗan kawai nake jira."

Ta gyara zama, ta ɗora hannu biyu a kan sanda, ta juya fuskarta wajen talabijin da aka riga aka kashe, tana murmushi. Ban taɓa ganin ta tana jiran wani abu da murna haka ba. Na dubi wayar a hannun mutumin, sai na ji kunya ta rufe ni. Na karɓi wayar na mayar a soket, na ce masa ya yi haƙuri, na fasa. Ya yi mini faɗa da yaren Ga, na biya kuɗin tasi. Isiyaka ya fizge ni waje.

"Kai ya haukace ne? Jamus fa, chale. Ka bar ma shi kaset ɗin, in mun samu kuɗi mu aiko sabon mashin."

"Wa zai buga? Kai kogi na ɗaya ma ba ka wucewa."

Wannan ita ce gaskiyar da ba ya faɗa muku. Ko da na sami kuɗin a wani wuri, ba mashin ne matsalar ba, hannu ne, kuma duk Maamobi hannu ɗaya ne yake kaiwa kogi na huɗu. Na ce masa ya roƙi mutumin nasa ya ɗan jira ni. Ya ce irin wannan hanya ba ta jira, kuma ya yi gaskiya, domin wani ɗan Nima ya maye gurbina kafin mako ya zagayo. Na koma ciki na zauna na kunna. Ranar ko kogi na uku ban kai ba. Kaka ta ce mai gyaran nan ya ɓata mana abu, kada in sake kiransa.

Ba zan yi muku ƙaryar cewa na ji daɗi ba. Mma ta yi kwanaki ba ta yi mini magana sai ta bakin 'yan haya. Da hoton Isiyaka ya iso, yana jingine da wata jar mota da na tabbata ba tasa ba ce, na shiga ɗaki na yi kuka na baƙin ciki da hassada. Akwai ranakun da nake bugawa ina jin haushin tsohuwar da ke bayana, ita kuwa tana ta gyara mini tuƙi. Kun ga benen Isiyaka kun ga gidan da kuka tashi a ciki, ba sai na ƙara bayani ba.

Sai da damina ta kusa fita sannan na wuce. Ranar Talata ce mara komai, ba yara sosai, Mma tana wanke tukwane. Na daina tunanin kowa, na bi ta hagun dutsen farko maimakon dama, kifayen suka yi tsalle suka same ni ba na nan, sai ga inuwar gada ta wuce ta kaina. Kiɗan ya hau sama, ya juya wata hanya da ban taɓa ji ba. A bayana Kaka ta fara waƙa da wata siririyar murya irin ta yarinya. Waƙar uwa ce da ke ce wa ɗiyarta ta yi barci, hanya da nisa, jaki ya gaji amma uwa ba ta gaji ba, in sun isa za ta saya mata tsakiya da ɗan kunne, in kuma uwar ba ta isa ba to ɗiyar ta isa a madadinta. Ban juya ba, don in na juya kada zai katse mata uwa a tsakiyar magana. Na riƙe tsohon nan da malfarsa da dukkan ƙarfina, hawaye yana hana ni ganin duwatsu, har kiɗan ya zagayo farko ta kai ƙarshen baitinta. Sannan na saki, wani kifi ya buge ni, na nutse cikin kwanciyar hankali. Mma tana tsaye a ƙofa da soso a hannu.

Kaka ta goge fuska da bakin mayafi, sannan ta dawo da muryarta ta kullum.

"To, alhamdu lillahi, na karɓi kayana. Yanzu sai ka sayar da akwatin nan ka nemi abin yi. Samari suna ta fita waje suna gina wa iyayensu gidaje, kai kana zaune kana wasa da kifi. Ina abokin nan naka mai ƙaryar mai gyara? Ku nemi hanya ku fita tare mana."

Mma ta saki soso. Ni kuwa dariya ta kama ni har na kasa numfashi. Da na samu kaina na gaya mata komai, tafiyar da mutumin Adabraka da gurbin da aka ba wani. Na ce Isiyaka ya yi wata biyu a Jamus.

"Kuma ba wanda ya gaya mini?"

"An ce ba a faɗa wa tsofaffi, Kaka."

"Ni mayya ce?"

Mma ta tuna tana da tukunya a wuta, ta ɓace. Na ce, to da na gaya miki fa, me za ki ce?

"Da na ce ka tafi. Wace irin kaka ce za ta tsare jikanta saboda waƙa?"

Ta juya carbinta ɗaya, biyu.

"Kuma da ban yafe maka ba har in mutu."

Ta miƙo hannu ta lalubo kaina, ta dafa shi ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta ɗan ture ni wajen talabijin.

"Tun da ba inda za ka, koma kogi na ɗaya. Ina so in ji ko waƙar ta zauna mini."